Filin Tambaya da Amsa: Sabon Injin Katako Ya Fara Gardama

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun taru a kan abu guda, wato injin nan na aikin katako wanda ya haɗa zarto da wuƙaƙen gogewa da sashen daidaita kauri da na huda a jiki ɗaya, kuma ake sarrafa shi da maɓallai da allon lambobi. Dukkan masu wasiƙun ba su daɗe da samun nasu ba, saboda haka muka ga ya dace mu amsa musu a zama ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara basira. Ni kafinta ne, na yi shekaru ina kai katako wurin masu inji a yanka mini, sai bana Allah ya hore mini na sayi nawa sabo dal. A jikin motarsa, wato motar lantarkin da ke juya shi, an rubuta 3HP, 2.2kW, 230V. Yau makonsa biyu a shagona, amma sau da yawa idan na danna maɓalli sai ya yi gurnani, zarto ya ɗan motsa ya tsaya, allon ya yi ƙyaftawa, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta idan an ja ta fiye da kima, ta faɗi. Da sassafe yakan tashi lafiya, da rana kuwa sai ya ƙi. Na gwada shi da janaretana mai 3.5kVA, janaretan ya shaƙe ya mutu. Wani mai gyara ya ce koyil ne, in kai masa ya warware ya sake naɗawa. Shin mataccen kaya aka sayar mini? Daga wani kafinta a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a sabon inji, Malam. Kafin komai, kada ka bari kowa ya sa sukudireba a motar nan, domin ranar da aka warware koyil ɗin ranar ce garantinka ya mutu, kuma bisa abin da ka bayyana ban ga alamar laifin koyil ba. Koyil ɗin da ya ƙone ba ya zaɓen lokaci. Ba zai yi aiki da sassafe sannan ya ƙi da rana ba. Abin da ke sauyawa tsakanin safiya da rana a unguwa shi ne ƙarfin wuta, lokacin da masu walda da masu niƙa da masu firji da fankoki suka hau kan tiransifoma ɗaya.

Ga yadda lissafin yake. Mota mai kilowat 2.2 idan tana cikin aiki sosai tana jan wuta kimanin amfiya 13 zuwa 14, amma a daƙiƙar da take tashi daga tsaye tana jan ninki biyar zuwa bakwai na wannan adadi, wato abin da ya kai amfiya 70 ko fiye. An ƙera ta ne don bolt 230, kuma akasarin irin waɗannan motoci suna jure ragi ko ƙari na kashi 10 cikin ɗari kawai, wato daga bolt 207 zuwa 253. Idan wutar ta yi ƙasa da haka, ƙarfin juyawar motar yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu, sai ta kasa ɗaukar gudu, ta tsaya tana gurnani tana zuƙar wuta mai yawa har bireka ta faɗi. Ƙyaftawar allon ma shaida ce, domin fanel ɗin da ke sarrafa injin yana rasa abin da zai riƙe kansa da shi a daidai lokacin da motar ta janye wutar.

Saboda haka ka nemo mai aikin lantarki da mitar awo, amma ka lura da inda zai auna da kuma lokacin da zai auna, don a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Kada ya auna a bakin mitar shago injin yana kashe, ya ce maka wuta lafiya lau. Ya auna a daidai inda waya ta shiga injin, da tsakar rana, yana kallon mitar a lokacin da ka danna maɓalli. Idan lambar ta faɗo ƙasa sosai ta ƙi dawowa, to mun kama ɓarawon.

Ba ka faɗa mini irin wayar da ka ja ba, amma na shiga shagunan kafintoci da yawa, na san abin da aka saba: doguwar siririyar waya da aka jawo daga maƙwabta, da fulogin nan mai ƙafa uku na gida. Fis ɗin da ke cikin wannan fulogi na amfiya 13 ne, ka ga tun daga nan ba sa'an injinka ba ne. Ita kuwa wayar, idan mai kaurin 1.5mm ce kuma tsawonta ya kai mita 40, tana cinye kimanin bolt 16 a hanya lokacin aiki, a lokacin tashi kuwa abin da take cinyewa yana iya kaiwa bolt 80. Da waya mai 4mm a wannan tsawo, asarar ba ta wuce bolt 6 lokacin aiki da kimanin 30 lokacin tashi ba. Ka ja wa injin layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaske mai 4mm, ka sa masa babban fulogi irin na masana'antu, sannan ka duba harafin da ke jikin bireka. Mai harafin B tana faɗuwa nan take idan wuta ta ninka adadinta sau uku zuwa biyar, don haka ta fi dacewa da fitilu da kayan gida. Mota tana son mai harafin C, wadda ke jure ninki biyar zuwa goma na ɗan lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar cire bireka a haɗa waya kai tsaye don a huta da faɗuwarta, domin wanda ya yi haka ya cire mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma shagon da ke cike da garin katako ba wurin wasa da wuta ba ne.

Janaretanka bai yi laifi ba, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce a ninka ƙarfin motar kamar sau uku, wato injinka yana son janareta mai 7.5kVA ko fiye, kuma tun da yana da fanel na lantarki, ka tabbatar janaretan yana da na'urar daidaita wuta da ake rubuta wa AVR. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna injin, ka kashe injin kafin ka kashe janareta. Idan kuma awo ya nuna wutar unguwar ce ba ta da ƙarfi tun daga tushe, sitabilaizar firji ba za ta yi maka komai ba. Sai babba mai 10kVA.

Akwai kuma zafin garinmu, wanda bai kamata a manta da shi ba. Ƙa'idar ƙera motocin lantarki ta ginu ne a kan cewa zafin wurin da suke aiki ba zai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Sakkwato mun san yadda watannin Maris da Afrilu da Mayu suke, balle a cikin shagon kwano. A cikin injin akwai na'urar da ke yanke wuta idan mota ta yi zafi, kuma idan ta yanke sai an jira ta huce. Ka duba jikin motar: idan ka ga S1, tana iya aiki ba tsayawa, idan kuwa ka ga S6 40%, ma'anarsa a cikin kowane minti 10 minti 4 ne na cin katako, sauran 6 tana juyawa ne ba nauyi. Da yawa daga cikin waɗannan injuna masu aiki da yawa irin na biyun ne, kuma dillalai ba kasafai suke faɗa ba.

Idan aka gyara waya, awo ya nuna wuta ta cika, amma har yanzu yana gurnani, to ka zare fulogi ka juya zarton da hannu a hankali ka ji ko yana tafiya sumul, domin wani lokaci an ɗaure bel fiye da kima tun daga masana'anta. In yana juyawa lafiya, zargi ya koma kan kwandansa, irin wadda ka sani a fanka amma babba, ita ce ke ba motar turin farko. Wannan kam haƙƙinka ne a kan wanda ya sayar maka, ka kira shi ya zo ya canza da hannunsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, injina yana aiki lafiya a kan zarto, amma duk lokacin da na ɗaga teburan gogewa don in koma daidaita kauri sai ya ƙi tashi ƙememe, ko gurnani ba ya yi, alhali allon yana kunne. Sannan lambar kaurin da yake nunawa ba gaskiya ba ce: ya rubuta 20mm, in auna in sami 21 da wani abu. Daga wani mai karatu a Runjin Sambo.

AMSA: Ɗan'uwa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Injin da ya yi shiru gaba ɗaya alhali allonsa yana kunne, ba lalacewa ya yi ba, hana shi tashi aka yi. Masu ƙera waɗannan injuna suna ɓoye ƙananan makunnai na tsaro a wurare da dama: a ƙarƙashin teburan gogewa, a jikin murfin da ke kama garin katako, da kuma a ƙofar da ake buɗewa don canza zarto ko bel. Dukkansu a jere suke kan layi ɗaya, ta yadda idan ɗaya bai dannu ba, babu abin da zai motsa. Lokacin da ka ɗaga teburan, wuƙaƙen sun fito fili ke nan, kuma injin ba zai yarda ya juya su ba sai ka kifa murfin a kansu ya zauna daram har ka ji ƙarar kamawarsa. Sau da yawa a sabon inji ɗan harshen ƙarfen da ke danna makunnin ya goce a hanya saboda jijjigar mota, ko gari ya cika ramin. Ka zare fulogi, ka hure wurin, ka sassauta notin harshen ka matsar da shi kaɗan har ya riƙa danna makunnin sosai. Ka kuma duba jajayen maɓallan tsayar da gaggawa, domin galibi sun fi ɗaya, kuma idan cinyar mutum ta taɓa ɗaya ya shige, sai an murɗa shi kafin ya fito. Haka nan makunnin zaɓen aiki dole ya tsaya daidai kan alamar sashen da kake so, ba tsakanin biyu ba.

Za a sami wanda zai ba ka shawarar ka ɗaure makunnin da salatif ko ka haɗa wayoyinsa biyu ka huta. Kada ka karɓa. Wuƙaƙen nan suna juyawa sau dubbai a minti guda, kuma yaron shago da bai san an yi wannan dabara ba shi ne zai sa hannu.

Batun lamba kuwa mai sauƙi ne, allon bai san kaurin katako ba, yana ƙirga motsin tebur ne daga inda aka ce masa nan ne farko. Ka goge guntun katako, ka auna kaurinsa da ma'auni mai kyau ba tare da ka taɓa teburin ba, sannan ka shigar da wannan adadi a allon bisa yadda littafin injin ya nuna. Ka kuma saba da isa ga kaurin da kake so ta hanyar ɗaga teburin sama a kullum, domin akwai ɗan sako-sako a zaren da ke ɗaga shi, wanda ke sa awon hawa ya bambanta da na sauka. In lambar ta riƙa tsalle da kanta, ka share ƙurar da ke kan siririn ma'aunin da sensa ke bi, musamman da hunturu, sannan ka tabbatar injin yana da wayar ƙasa ta gaske da aka kafa wa ƙarfe, domin rashinta yana rikita fanel, kuma yana sa jikin inji ya riƙa jan mutum.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da wurin yin gadaje da kayan ɗakin amare, na sayi wannan inji don yarana su daina jiran layi. To amma aikin da yake fitarwa bai kai na masu tsohon inji kyau ba. Zarto yana barin baƙin tabo kamar ƙuna, katako yana maƙalewa a sashen kauri sai an tura da ƙarfi, ƙarshen kowane katako yana fitowa da ɗan rami, kuma wuƙaƙen sun dakushe cikin kwanaki. Daga wata mai sana'a a Gawon Nama.

AMSA: Hajiya, barka kadai, Allah ya ƙara kasuwa. Tsohon injin da kike kwatantawa da shi ya yi shekaru a hannun wanda ya san halinsa, naki kuwa an sauke shi ne daga mota aka jona wuta aka fara aiki. Sabon inji ba ya zuwa a daidaice, ko da an daidaita shi a masana'anta, domin tafiyar teku da ta mota daga tashar jiragen ruwa zuwa Sakkwato ta isa ta sassauta duk wani noti. Ki ba yaranki yini guda ba tare da aikin kowa ba, su zaunar da injin a kan daɓen siminti mai lebur, su bi shi sashe sashe.

Maƙalewar katako ita ce mafi sauƙi. Ana shafe teburan ƙarfe da wani maiƙo mai danƙo don kada su yi tsatsa a hanya, kuma idan ba a wanke shi ba sai ya haɗu da gari da ƙura ya zama kamar ƙaro. A wanke shi tas da kananzir, a share, sannan a goga kyandir a murje da tsumma. Ba a sa baƙin mai, domin yana shiga katako ya hana fenti kamawa. A kuma duba bel, saboda sabon bel yana miƙewa a kwanakin farko, kuma idan aka danna tsakiyarsa da yatsa bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya ba. Sannan a rage haɗama: a katako mai tauri irin su maɗaci da kirya da maɗobiya, milimita ɗaya zuwa biyu ya isa a kowane wucewa.

Tabon ƙuna yana nuna haƙoran zarto suna gugar katako maimakon su yanke shi su wuce. A auna tazarar da ke tsakanin zarto da shingen da katako ke bi, ta gaba da ta baya. Idan bayan ya fi matsewa, katakon yana shaƙewa a can, kuma wannan ne kan sa inji ya cillo katako baya da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙari. Ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan zarto, wanda kafintoci da yawa suke cirewa su jefar a ranar farko, shi ne ke hana tsagar rufewa a kan zarton; a mayar da shi, a daidaita shi da zarton, tazararsa da haƙora ta kasance tsakanin milimita 3 zuwa 8. A kuma ƙirga haƙoran. Zarton da ake haɗowa da sabon inji galibi na tsaka-tsaki ne, alhali tsaga katako a tsaye tana son mai haƙora kaɗan, kamar 24, shi kuwa yankan gicciye da na filawud yana son mai 60 zuwa 80.

Ramin ƙarshen katako a sashen gogewa yana faruwa ne idan teburin fita ya yi ƙasa da tsinin wuƙa. A zare fulogi, a ɗora miƙaƙƙiyar rula a kan teburin fita ta leƙo kan wuƙaƙen, a juya su da hannu: kowace wuƙa ta ɗan taɓa rular ta ja ta milimita 3 zuwa 5, kuma a gwada a gefen dama da na hagu, duk su zo ɗaya. A sashen kauri kuwa, dogon katako yana buƙatar wanda zai tallafe shi a lokacin shiga da lokacin fita.

Dakushewar wuƙaƙe ita ce wadda ba zan ɗora wa injin ba ko kaɗan. Katakon da ya kwana a ƙasa a kasuwar 'yan katako ya sha yashi da ƙurar hunturu, kuma yashi ga wuƙa kamar dutsen niƙa ne ga hatsi. A share kowane katako da burushin waya kafin ya hau inji, a kuma duba ƙusa. Wasu itatuwan ma da nasu dutsen suke zuwa, kamar loko, wanda akan tarar da dunƙulen farar ƙasa mai tauri a cikinsa. Ki ajiye wuƙaƙe jeri biyu, ɗaya na kan inji ɗaya na wurin wasawa. Tun da kuma kayan amare kike yi, bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba: katakon da aka kawo daga kudu ɗanye ne idan aka gwada shi da busasshiyar iskarmu, yana toshe inji da jiƙaƙƙen gari, kuma gadon da aka yi da shi yakan buɗe a mahaɗa kafin amarya ta cika wata uku. A jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, iska ta ratsa shi na wasu makonni kafin a taɓa shi.

TAMBAYA: Malam, yayana da ke Amurka ya aiko mini da ƙaramin inji irin wannan, an rubuta 120V 60Hz. Wani ya ce in canza masa fulogi kawai. Daga wani matashi a Illela.

AMSA: Ɗana, idan ka canza fulogi kawai ka jona, fanel ɗin zai ƙone kafin ka ɗauke hannunka, domin wutarmu ta kusa ninka wadda aka yi shi dominta. Kana buƙatar tiransifoma mai sauke wuta daga 230 zuwa 120, wadda ƙarfinta ya ninka na injin sau biyu zuwa uku saboda jan wutar tashi. Sai dai tiransifoma ba ta sauya ɗaya lambar, wato Hz mai nuna saurin kaɗawar wuta: wutarmu 50Hz ce, a nan da kuma Ƙonni da ke tsallaken iyakarku, don haka idan motarsa irin mai kwandansa ce za ta yi gudu ƙasa da nata da kashi ɗaya cikin shida, ta kuma fi saurin zafi, sai ka rage mata nauyi ka riƙa ba ta hutu. Kafin ka kashe kuɗi, ka buɗe murfin wayoyin motar ka duba zanen da ke ciki, domin wasu injunan Amurka ana iya sauya haɗin wayoyinsu su karɓi 240V, amma ka tabbatar littafin injin ya ce fanel ɗin ma yana karɓa, ba motar kaɗai ba. Ka aiko mana da hoton farantin da ke jikin motar da na shafin wayoyi na littafin, mu duba maka a fitowa ta gaba.